Takardar da Aka Karanta

Mako shida muka yi a Prešov,
a hawa na uku, inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho.
Mu sha ɗaya, duk 'yan Roma,
daga unguwannin da kwalta ke gajiya kafin ta iso.
Likita Hudáková ta zana ƙyanda a allo,
ta koya mana karatun kati da lissafin watannin jariri.
Ta ce: "Ban da gardama.
Wanda ya ce a'a, ku tambaye shi wa ya fara ɓata masa."
Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Aka ba ni riga, da jaka, da suna a ƙirji:
Jolana, mataimakiyar lafiya.
Ran da na sauko daga bas a cikinta
Dezider mai gyaran keke ya tofar da yawu a kan ƙanƙara,
ya ce: "Nawa suka saye ki?"

Gidan Margita ne na ƙarshe kafin rafi.
Jikarta Nela na barci kusa da murhu,
uwar yarinyar na fere dankali, kanta a sunkuye.
Na buɗe jaka. Na fara kamar yadda aka koya mana.
Tsohuwa ba ta ce uffan ba.
Ta ɗaga gefen rigarta,
ga tabo, fari, a kwance kamar tsohuwar hanya.

"Ina tsakar naƙuda suka miƙo takarda.
Na sa hannu don su bar ni in yi nishi.
Daga ranar, gadon jariri ya zama ma'ajin albasa.
Yanzu ke ma takarda kika kawo?"

Wanda maciji ya sara
ba a yi masa wa'azi a kan tsumma.
Na rufe jaka. Na sha shayin da ta zuba mini
ba sukari.

Washegari na koma.
Ta ce: "Karanta. Duka. Da bakinmu, ba nasu ba.
Har ƙananan nan na ƙasa, masu kama da ƙwan kwarkwata."
Kwana uku muna kai.
Na karanta zazzaɓi, na karanta kumburin cinya,
na karanta kukan dare, ban tsallake ba,
ko da yake harshena ya so tsallakewa.
A shafi na biyu wata kalma ta tsaya mini a wuya,
ba ta da 'yar'uwa a harshenmu.
Na kira likita, na ɗora wayar a kan tebur.
Aka yi shiru can.
Sai muryarta: "Ban tabbata ba. Bari in duba, zan kira ku."

Margita ta ajiye cokali.
"Shekara sittin da bakwai,
yau na fara jin farar riga ta ce ban sani ba."

Ta kira, kafin ruwan zafi ya huce.

Ranar Laraba muka taka laka zuwa asibiti.
Uwar ce ta sa hannu, a hankali, harafi bayan harafi.
Kakar ta riƙe ƙafar Nela,
idonta a kan allura tun shigarta har fitarta,
kamar mai gadin tukunya a gidan biki.
Yarinya ta tsala ihu, ta nemi nono, ta manta.
Tsohuwa ba ta manta komai ba.
Ta ninke takardar huɗu, ta cusa a ƙirji.
"In wani abu ya faru, na san ƙofarki."
Na ce: "Kin san ta tun ina rarrafe."

Gida arba'in da uku ne a littafina.
Tara sun buɗe.
Dezider yana da tagwaye, da guduma, da baki.
Gobe tayar kekena za ta yi faci,
ni zan huda ta da kaina.